Bincike Jagoran Shawara: Darasin Garki da Buji Game da Tsara Manufofin Kiwon Lafiya

Gabatarwa

Duk Gwamnatin da take riƙe da ƙasa mai ƙarancin dukiya, kullum tana cikin zaɓe ne tsakanin bukatu masu yawa da kuɗi kaɗan. Idan aka gina babban asibiti a birni, to, an fasa gyara ƙananan dakunan shan magani a karkara. Idan aka sayi motar ɗaukar marasa lafiya, watakila an fasa biyan ungozoma albashinta na shekaru. Kowane layi na kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya hukunci ne a kan rayukan mutanen da mai tsara kasafin bai taɓa gani ba. Saboda haka tambayar da ta wajaba a yi ita ce: da wace hujja ake yanke wannan hukunci? Da al'ada ne, ko da son ran wani babba, ko da abin da aka auna aka tabbatar?

Girman al'amarin ba ya ɓuya. Binciken ƙididdigar jama'a da lafiyarsu da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A Jihar Jigawa adadin ya haura 200. Inda asara ta kai haka, kuskuren shawara ba ɓarnar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Jigawa kuwa tana da tarihi mai tsawo a wannan fage, domin an gudanar da manyan bincike a ƙauyukanta tun kafin a ƙirƙiro ta daga Jihar Kano a 1991, kuma ɗaya daga cikin na baya-bayan nan a ƙasar Buji aka yi shi.

Abin da Ake Nufi da Hujja

Ba kowane labari ne hujja ba. Malamin asibiti yana iya rantsewa cewa wani magani yana aiki domin ya ga waɗanda suka sha sun warke, alhali bai ga waɗanda suka warke ba tare da sun sha ba, bai kuma ga waɗanda suka mutu a gida ba. Shi ya sa masana suka kasa hujja iri uku, kowace da aikinta.

Ta farko ita ce ƙididdiga, wadda take bayyana girman matsala: wace cuta ce ta fi kisa, a wane wata, a wace gunduma, kuma su wa ta fi kamawa. Ta biyu ita ce gwaji, watau a ba wasu mutane ko wasu ƙauyuka abin da ake son aunawa, a bar wasu makamantansu, sa'an nan a kwatanta bayan wani lokaci. Gwaji mafi inganci shi ne wanda ƙuri'a ta raba waɗanda za a ba da waɗanda za a bari, don kada son kai ko alfarma su shiga. Ta uku ita ce binciken tsarin aiki, mai amsa tambayoyin da ma'aikacin Gwamnati ya fi bukata: nawa abin zai ci, wa zai kai shi ƙauye, wa zai sa ido, kuma ko jama'a za su karɓa.

A 1990 wani kwamiti na duniya mai nazarin binciken lafiya don raya ƙasa ya gano cewa kimanin kashi 5 cikin 100 kaɗai na kuɗin binciken lafiya ake kashewa kan matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali fiye da kashi 90 na mace-macen da za a iya hanawa a can suke. Kwamitin ya ba da shawara kowace ƙasa ta keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin lafiyarta don bincike. An sake jaddada wannan kira a taron ministoci na birnin Meziko a 2004, da na Bamako a 2008.

Darasin Garki

Daga 1955 zuwa 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gangamin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa ta hanyar feshin magani a gidaje. An ci nasara a wasu sassan Turai da Asiya, amma yawancin Afirka ba ta shiga shirin sosai ba, kuma masana sun yi ta jayayya kan ko dabarar za ta yi aiki a nan. Maimakon a ci gaba da musu, sai aka yanke shawarar a gwada. Wurin da aka zaɓa shi ne gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa ƙaramar hukuma ce a Jigawa.

An yi aikin daga 1969 zuwa 1976, da haɗin gwiwar Hukumar da Gwamnatin Nijeriya. Da farko an shafe lokaci ana aunawa kawai, ana kama sauro ana ƙirgawa, ana ɗibar jinin mutanen ƙauyuka ana dubawa. Aka tarar cewa a wasu ƙauyuka mutum ɗaya yana iya shan cizon sauro mai ɗauke da ƙwayar cutar fiye da sau 100 a shekara, galibi a cikin damina. Sa'an nan a daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshi a cikin ɗakuna, a wasu ƙauyuka kuma aka haɗa da raba wa kowa magani a kai a kai.

Sakamakon ya zo da fuska biyu. Inda aka haɗa feshi da magani, masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwar cutar ba ta tsinke ba, domin sauron ya yi yawa, wani sashe nasa kuma ba ya kwana a jikin bangon da aka fesa, a waje yake hutawa bayan ya yi cizo. Da aka tsayar da aikin, cutar ta koma inda take. Molineaux da Gramiccia sun buga cikakken rahoton a 1980, kuma har yanzu masu lissafin yaɗuwar cututtuka suna komawa ga alƙaluman Garki.

Mai kallon abin sama-sama zai ce an yi asara, tun da ba a kawar da zazzaɓin ba. Amma binciken ya yi aikinsa, domin ya hana ƙasashe matalauta zuba dukiyarsu cikin abin da ba zai yiwu ba da kayan aikin wancan zamani, ya kuma ƙarfafa ra'ayin a mai da hankali kan rage ɓarnar cutar da ceton yara. Dabarun da suka biyo baya duk ta hanyar gwaji suka zo. Gwajin gidan sauro mai magani a Gambiya, wanda aka buga a 1991, da na Navrongo a arewacin Gana a 1996, sun nuna raguwar mutuwar yara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan raba shi kyauta ga kowa a 2007, aka fara babban rabo a Kano a 2009. Kazalika, bayan gwaje-gwaje a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya sun nuna cewa bai wa yara magani sau ɗaya kowane wata a cikin damina yana rage zazzaɓin da kimanin kashi uku cikin huɗu, Hukumar ta amince da dabarar a 2012. An fara ta a Katsina a 2013, daga nan ta shigo Jigawa. Tushenta shi ne abin da aka auna a Garki tun da daɗewa, watau cewa a wannan yanki cutar tana da lokacinta.

Gwajin Buji

A 2013 aka ƙaddamar da wani shirin tallafa wa girman yara a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, sai Anka da Tsafe a Zamfara. Gwamnatin Ingila ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, shirin ya kai har 2019. Matsalar da aka tunkara ita ce tsumburewar yara, watau yaro ya kasa kai tsawon da ya dace da shekarunsa saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo. Illar ba ta tsaya ga jiki ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawanta tana aukuwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu.

Tsarin shirin mai sauƙi ne. Mace mai juna biyu tana karɓar naira 3,500 kowane wata, aka ƙara zuwa 4,000 a 2017, har ɗanta ya cika shekara biyu, ba tare da an gindaya mata sharaɗin yadda za ta kashe ba. Aka haɗa da wayar da kai ta rediyo da masu aikin sa kai da malaman addini, kan zuwa awon ciki, da ba jariri dakashi maimakon zubar da shi, da shayar da nonon uwa zalla wata shida ba tare da ruwa ba.

Akwai masu shakka, kuma shakkarsu tana da madafa. Wasu na ganin mazaje za su karɓe kuɗin, wasu na ganin za a kashe shi a biki da sutura. Abin da ya bambanta wannan shiri da na gabansa shi ne an shirya auna shi tun daga farko. An ɗauki ƙauyuka 210, ƙuri'a ta raba su, aka jinkirta wa kashi ɗaya cikin uku shiga don su zama ma'auni. Aka bi gidaje dubbai a 2014 da 2016 da 2018, ana auna tsawon yara da nauyinsu, ana tambayar iyaye mata da maza.

Abin da aka samu shi ne, yawancin mata su suka riƙa yanke shawara kan kuɗin, kuma mafi yawansa ya tafi ga abinci. Shayar da nono zalla ya ƙaru ƙwarai. Mata da dama sun ja jari, sun sayi awaki, sun kama ƙananan sana'o'i. Rahoton da masanan suka buga a 2021 ya nuna cewa tsumburewa ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100, watau a cikin kowane yara 100 da da sun tsumbure, kimanin 8 sun kuɓuta.

Lalle ne a karanta wannan adadi da idon basira. Ya isa ya nuna cewa kuɗi a hannun uwa, tare da ilmi, yana aiki, ya kuma kawar da zargin da ake yi wa matan karkara. Amma ya nuna kuma cewa mafi yawan yaran sun ci gaba da tsumburewa, domin rashin tsabtataccen ruwa da gudawa da zazzaɓi ba sa jin kuɗin cefane. Mai tsara manufa da ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu ya yaudari kansa. Daga baya Gwamnatin Jigawa ta buɗe nata shirin biyan mata masu juna biyu daga baitulmalinta, ga adadi ƙayyadadde a kowace mazaɓa. A nan wata sabuwar tambaya ta taso, wadda gwajin farko bai amsa ba: tun da tsadar kaya ta cinye darajar naira, nawa ya kamata a biya yanzu kafin a sami irin wancan amfani? Hujja tana tsufa, dole a riƙa sabunta ta.

Magani Yana Nan, Bai Kai Ga Mai Bukata Ba

Wani lokaci ilmin ya daɗe da samuwa, abin da ya rage shi ne ya isa ɗakin haihuwa. Cutar jijjiga ta masu ciki tana cikin manyan masu kashe mata a Arewa. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasashe da yawa ya tabbatar cewa allurar maganisiyam salfet ta fi magungunan da aka saba amfani da su, wani gwajin na 2002 kuma ya nuna tana rage haɗarin kamuwa da jijjigar da fiye da rabi ga masu alamunta. Maganin ba shi da tsada. Duk da haka asibitoci da yawa sun ci gaba da tsohon magani shekara da shekaru, domin ba a sayo sabon ba, ma'aikata kuma suna tsoron awonsa.

A 2008 aka shigar da shi asibitocin Gwamnati goma a Jihar Kano, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka ba su ƙa'ida rubutacciya mai sauƙin bi. Mutuwa a cikin matan da cutar ta kama ta sauko daga kimanin kashi 21 cikin 100 zuwa kimanin kashi 2. Da hukumomin jihar suka ga alƙaluman da aka tattara a asibitocinsu, sai suka ɗauki nauyin sayen maganin. Gani ya kori ji. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin tabbatar da maganin da isowarsa waɗannan asibitoci, kuma kowace shekara daga ciki an biya ta da rayukan mata.

Gyaran Tsarin Kansa

Magani da allura ba sa tafiya da ƙafarsu, sai da tsarin da zai ɗauke su. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, da ƙoƙarin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti lokacin da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, kiwon lafiya matakin farko ya zama ginshiƙin manufar Nijeriya. Amma aikin ya kasu hannaye da yawa: ƙaramar hukuma ce da ɗakin shan magani, Ma'aikatar Lafiya ce da babban asibiti, wata hukuma dabam ce take ɗaukar ma'aikata. Idan aiki ya lalace, ba a san wanda za a tuhuma ba.

Bayan nazarin wannan rarrabuwa, Jigawa ta kafa Tsarin Gunduma da doka a 2007, ta kasa jihar zuwa gundumomin lafiya tara, ta tattara ƙananan cibiyoyi da manyan asibitoci da ma'aikatansu da kuɗinsu a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Abin da aka koya a Jigawa yana cikin abubuwan da suka haifar da manufar ƙasa ta 2011 ta haɗa kiwon lafiya matakin farko a inuwa guda. Bayan canjin Gwamnati na 2015 an soke Tsarin Gunduma, aka maye gurbinsa da hukumar kiwon lafiya matakin farko irin ta sauran jihohi. Darasin a nan shi ne, tsarin lafiya yana rayuwa ne cikin siyasa, kuma duk canjin da za a yi masa ya cancanci a auna shi kafin da bayan yinsa, kamar yadda ake auna magani.

Tanzaniya ta ba da misali mai kyau. Daga 1997, a gundumomin Rufiji da Morogoro, an ba ma'aikata ƙididdigar cututtukan da suka fi kashe mutanensu, da ɗan ƙarin kuɗi, da ikon tsara kasafinsu bisa wannan ƙididdiga. Sai suka tarar cewa kuɗinsu ba ya bin cututtukan da suka fi ɓarna, suka gyara rabon. Cikin kimanin shekara biyar mutuwar yara ta ragu da fiye da kashi 40 cikin 100.

Abubuwan da Suke Shiga Tsakani

Na farko shi ne bambancin lokaci. Mai bincike yana bukatar shekaru, kwamishina kuwa yana da makonni kafin a miƙa kasafin kuɗi. Na biyu shi ne harshe: ana rubuta sakamako da Turanci mai nauyi a mujallun ƙasashen waje, shugaban sashen lafiya a Gantsa ba ya ganinsa, balle matan da aka auna 'ya'yansu. Na uku shi ne mai biyan kuɗi shi yake zaɓen tambaya, kuma mafi yawan manyan binciken da aka ambata da kuɗin waje aka yi su. Na huɗu shi ne raunin alƙaluman yau da kullum, domin idan ma'aikaci ya cika rajista da ƙiyasi don ya faranta wa na sama da shi, duk ginin da aka ɗora a kai zai karkace.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne amana. A 2003 an dakatar da allurar rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin tana da illa, ba a koma ba sai tsakiyar 2004. Hujjar ingancin allurar tana nan, amma jama'a ba su manta da gwajin magani da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a mai tsawo. Sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka dawo da yarda, har aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga cutar a watan Agusta 2020. Binciken da aka yi ba da sanin mutane da yardarsu ba yana ɓata hanya ga duk binciken da zai biyo bayansa.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Kowa

Ga ma'aikacin Gwamnati, kafin ya rubuta takardar neman amincewa da sabon shiri, ya kamata ya amsa tambayoyi huɗu: Mene ne girman matsalar a wannan wuri? A ina aka gwada maganinta, me aka samu? Nawa zai ci, kuma me za a fasa dominsa? Yaya za a gane ko ya yi aiki? Ya kuma karɓi sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Gwajin da aka yi a Kiyawa daga 2021 zuwa 2022, inda aka haɗa ƙungiyoyin maza da mata da horar da ma'aikata don rage mutuwar yara, bai nuna raguwar da aka yi fata ba, kuma an buga hakan a fili. Wannan shi ne halin ƙwarai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga jami'o'i da ɗalibansu kuwa, yanzu akwai Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, da ta jiha a Kafin Hausa, ga babban asibitin Tarayya a Birnin Kudu. Ya dace a zaɓi batun nazari daga matsalolin da ma'aikatan karkara suke fuskanta, a taƙaita sakamakon a shafi ɗaya ko biyu da Hausa mai sauƙi, a kuma koma da shi gaban hakimi da dagatai da matan ƙauyen da aka yi aikin.

Kammalawa

Tsakanin Garki da Buji akwai shekara arba'in da wani abu, amma darasinsu ɗaya ne. Garki ta nuna abin da ba zai yiwu ba, ta ceci dukiya. Buji ta nuna abin da zai yiwu da iyakarsa. Kano ta nuna cewa sanin magani dabam, kai shi ga majinyaci dabam. Bincike ba ya yanke hukunci da kansa, domin rabon dukiyar jama'a aiki ne na shugabanni, su ne kuma za a tambaya. Amma shugaban da ya yanke hukunci alhali ga hujja a gabansa bai duba ba, ba shi da hanzari a wurin uwar da ta rasa ɗanta ga cutar da aka san maganinta.